Rigar da Ban Ba Pugal Ba

Hosur,
Lahadi, bayan bikin fitilu na Dipawali.

Zuwa ga yayata, Akka Kayalvili,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibitin Maskat. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiya, ya sassauta miki zafin garin nan da kike yawan kuka da shi. Mu a nan lafiya lau muke. Ruwan sama ya sauko sosai, rufin kicin ya koma ɗiga a inda ya saba. Gwiwar kakarmu Pati ta yi sauƙi, man da kika aiko ya karɓe ta, sai dai ta ce warinsa kamar an kwantar da ita a asibiti. Mahaifiyarmu Amma ta yi soye-soyen biki da har yau ba mu cinye ba. Ni kuma jarrabawa ta matso, lissafi ne kawai yake ba ni tsoro.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali kowace Lahadi muna ganin juna a waya. Dalili shi ne, in kin kira, Amma tana tsaye a bayana, babanmu Appa yana zaune a gefe, kowa yana murmushi. Shi ya sa na ba Sista Jesinta, maƙwabciyarmu da za ta koma can aiki, ta miƙa miki hannu da hannu. Kin tambaye ni ko rigar da kika aiko wa Pugal ɗan Gwaggo ta yi masa daidai, na ce miki layi ba ya da kyau. Layi lafiyarsa ƙalau. Rigar ce ban ba shi ba, kuma ina so ki ji dalili kafin Gwaggo ta zo a sa ranar aurenku a watan Tai, watan girbi.

Kin san tun da masana'antarsu Appa ta kawo mutum-mutumin nan masu dogon hannu, ba a ƙara jin kunne da Pugal ba. Shi ne aka ɗora a kansu. Ko kofi aka miƙa masa sai ya yi mana lacca: wai a China akwai masana'antun da ba a kunna fitila saboda babu ɗan Adam a ciki, wai ƙirƙirarriyar basira tana ganin tsagar da idon mutum ba ya gani, wai nan gaba inji zai san zai lalace kafin ya lalace. Yana magana yana jefa Turanci kamar wanda aka haifa a jirgin sama. Ran nan Pati ta tambaye shi ko injin nasa ya san wanda ya wanke masa wando lokacin da yake fitsarin kwance a gidan nan. Bai yi dariya ba. Ni kuwa sai da na shige kicin.

A ranar bikin kayan aiki, kamar kullum, an tsayar da injuna an wanke su, an gayyaci iyalai. Na raka Appa. An rataya sarƙar furanni, an kafa ganyen ayaba a ƙofa, an raba guggurun shinkafa da alewa, an sa lemun tsami a ƙarƙashin tayoyin motocin kamfani. Appa ne ya fi kowa daɗewa a sashensu, saboda haka shi ke shafa wa injuna kwaɓaɓɓen garin icen sandal mai ƙamshi da jan gari, kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni. Da ya zo kan sabon injin da ke duba ƙarafan birki, ya ɗiga masa sandal a ƙasa, wajen gindinsa, ya wuce. Sai Pugal ya taho da wayarsa a ɗage, yana cewa, "Kawu, haba, a ƙafa? Wa zai gani a hoto? A goshi za ka sa, can sama, wajen baƙin gilashin nan. Yauwa! Ɗan yi murmushi mana, Kawu, kamar kana yi wa jikanka." Akka, ina tsaye kusa da su, riƙe da farantin furanni. Da kunnena na ji. Kafin mu iso gida hoton ya hau shafin kamfani, da rubutu wai al'ada ta rungumi zamani.

Ashe baƙin gilashin nan shi ne idon injin. Washegari aka kunna shi, kuma da yake Pugal ya sha yin alfahari cewa layinsa ba ya bukatar mai tsaro, babu kowa a wurin. Duk ƙarfen da ya zo gabansa sai ya ga tabo a jikinsa, ya ɗauka ya jefa cikin kwandon shara. Haka ya yi ta zubar da kaya masu kyau har rana ta take, motar da ta zo ɗaukar kaya ta koma wayam. Wannan ita ce basirar da aka cika mana kunne da ita! Ko jariri, in abu ya faɗa masa a ido, zai yi kuka a zo a duba. Shi kuwa wannan, datti yana idonsa, amma duniya ce gaba ɗaya ta lalace. Malamarmu ta kimiyya ta ce inji ba ya ɗaukar hali, amma ni ina ganin wannan ya yi kama da mai shi.

Abin da ya biyo baya ban gani ba. Kawu Irudayaraj, abokin aikin Appa, shi ya zo ya faɗa wa Amma a bakin ƙofa, ni ina shanya a baranda. Ya ce an tara ma'aikata, manaja ya tambayi wanda ya taɓa idon. Appa ya ɗaga hannu. Manaja ya juya ga Pugal, ya ce ba shi ke kula da wurin ba? Sai Pugal ya ce shi ya sha gargaɗi, amma tsofaffin ma'aikata ba sa fahimtar fasaha, kuma irin wannan ne ya sa yake roƙon a rage hannun mutane a layi. Sannan ya dubi Appa ya ce, "Tangavelu, ɗauko tsumma ka goge." Haka, gatsau, da sunansa. Mutumin da ya goya shi a keke zuwa makaranta, wanda ya kai shi gaban wannan manajan ya roƙa masa aiki. Kawu Irudayaraj ya ce ya so ya tashi ya yi magana, Appa ya danne masa gwiwa. An dakatar da Appa mako guda, da ya koma kuma aka mayar da shi ɗaurin kwali tare da yaran da aka ɗauka bana. An kuma kafa doka, daga yanzu ba mai shafa wa inji sandal, takarda mai hoton fure za a riƙa mannawa. Hoton nan ya ɓace daga shafin kamfani tun kafin a yi taron.

Amma ta yi faɗa kamar za ta tsaga gidan. Ta ce tsintacciyar mage ba ta mage, ta ce mun ciyar da maciji da madara. Ta tambayi Appa me ya kulle masa baki. Ya ce in ya faɗi gaskiya, aikin wanda zai auri 'yarsa ne zai tafi, shi kuwa ya kusa ajiye aiki, kwali ma ba ya cizo. Ya ce yaro ne, tsoro ya ji. Ya hana kowa gaya miki. Yanzu yana dawowa da yankan igiya a yatsunsa, yana ɓoye su in kin kira. Ki lura Lahadi mai zuwa, za ki ga hannayensa suna ƙarƙashin tawul.

Ranar Dipawali sai ga Pugal da kwalin alewa, ya sha sabon agogo. Ya sunkuya ya taɓa ƙafar Appa, "Kawu" a nan, "Kawu" a can, bakinsa kamar zuma. Ya ce Kawu ya gane, a ofis dole a yi abin ofis, gida kuma gida ne. Ya ce ai ɗaurin kwali hutu ne ga mai shekaru, kuma ma nan da ɗan lokaci inji zai karɓi wannan, Kawu ya huta gaba ɗaya. Wai za a tura shi Japan ƙaro ilimi. Appa ya sa masa albarka. Pati ta ce a kai masa ruwa a kofin baƙi, tunda ba ta gane wane ne ba. Kin san ni ba na iya magana a gaban mutane, amma da ya tambaye ni ko Akka ta aiko masa da wani abu, sai na ji bakina ya ce, "Kana so in ɗiga maka a goshi, ko a ƙafa?" Ya kalle ni, ya kalli Appa, ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Bai gama kofinsa ba ya ce ana jiransa.

Akka, ni yarinya ce, ban san komai game da aure ba, kuma ba zan ce miki ki yi ko ki bari ba. Na san tun kuna ƙanana ake kiran ku mata da miji, na san kina son sa. Sai dai Appa ya haɗiye wannan abu ne saboda ke, kuma ina ganin bai kamata a yi miki irin wannan kyauta ba tare da kin sani ba. Wanda yake da kawu a gida, ba shi da kawu a ofis, ban san ko zai yi mata a gida kaɗai ba, ko har da waje. Gani ya kori ji, ni dai na gani.

Ki gaishe mini da Sista Jesinta, ki yi mata godiya. Ki gaida Meri da Tamilarasi abokan ɗakinki. Pati ta ce ki riƙa shafa mai a kanki ran Juma'a. Amma da Appa suna gaishe ki, ko da yake ba su san na rubuto ba.

Rigar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin kayan makaranta, na mayar da ita cikin ledarta. In kin ce in ba shi, zan kai masa da hannu biyu, ba zan ƙara cewa uffan ba. In kuma kin ce a'a, na riga na gwada faɗin kafaɗarta da tsohuwar rigar Appa. Kamar don shi aka ɗinka.

Taki ƙanwa mai biyayya,
Tenmoli