Karayar Inna

Mungadi

Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da hidimar albasa a Aliero.

Inna ta sake karyewa. Bara wuyan hannu ne, wai ta dafa ƙasa za ta tashi daga sallaya. Yanzu kuma ƙugu, wai zamewa ta yi a bakin randa. Matar da ta yi shekaru tana ɗaukar dami daga gona? Duk sau biyun ba kowa a gidan sai Bushira, matar ƙanenmu Imrana. Na tambayi Inna a keɓe ko da hannun Bushira a ciki, ta ce in ji tsoron Allah. Ka san ta da rufa asiri.

Na ce ni zan yi jinya, Bushira ta tafi gidansu Alelu ta huta. Ta gane nufina. Ta ɗaure kayanta, ta tafi.

Ƙanwarka,
Raihanatu

Jega

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin yara?

Mun kawo Inna asibiti, an ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce ƙasusuwan Inna sun zama kamar icen da gara ta ci, wai hakan na samun mata bayan ɗaukewar al'ada, ko ranƙwafawar da ta yi alama ce. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa ba ta nono da ƙananan kifi. Ni dai na ga Imrana ya riga ni shiga wurinsa, kuma sun daɗe. Ban san me suka tattauna ba.

Taka,
Raihanatu

Mungadi

Yaya,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kuna lafiya.

Jiya da hantsi na zo gyara wa Inna kwanciya. Na sa hannu ƙarƙashin hammatarta, na ɗaga a hankali, wallahi a hankali. Sai na ji ƙas a tafin hannuna. An duba, haƙarƙari ne ya karye.

Ba ta yi ƙara ba. Da numfashinta ya daidaita, ta ce Bushira da zane take juya ta, don ta daɗe da lura ɗagawa da hannu na yi mata ciwo.

Gobe zan tafi Alelu in ba Bushira haƙuri. Don Allah ka zo ka raka ni, mahaifinta na jin nauyinka. Ni kaɗai ba na jin za su ba ni ko tabarma.

Ƙanwarka,
Raihanatu