Wayar da aka karkatar a hawa na uku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa. Mu nan jiki lafiya, Auta ta koma makaranta, Inna ma tana fitowa tsakar gida yanzu. Ka yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi, don ba na son yara su ga abin da ke ciki.

Yaya, gidanmu babu daɗi. Ka san ɗanka Injiniya da babansa kamfani ɗaya suke, uban yana aikin wayar wuta, ɗan yana ofis. Da za su gina wani babban bene, kamfanin ya kawo sabon tsari. Sai an fara gina benen a cikin kwamfuta, kowane ginshiƙi da bututu da waya a wurinsa, kuma duk abin da aka canza a wurin aiki dole a shigar, domin ko bayan shekaru masu gyara su duba su san abin da ke cikin bango. Ɗanka aka ɗora a kai. Ya taɓa nuna mini, yana juya benen da yatsa, yana ɗage bango kamar murfin tukunya. Babansa ya leƙa ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin ginin da ba ya ɓata wando ba.

To, a hawa na uku wata waya ta ci karo da rodi, sai baban ya karkatar da ita ta bangon kusa, yadda ya saba tun yana saurayi. Ya faɗa wa magini da baki, aka shafe da siminti. Amma bai faɗa wa ɗan da suke kwana gida ɗaya ba, don a ganinsa uba ba ya kai wa ɗansa rahoto.

Watan jiya aka aika wani mai gyara ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Ya duba kwamfuta, ta nuna masa babu komai a bangon, ya sa injin huda. Injin ya taɓa wayar, wuta ta ja shi, nan take ya rasu, Yaya. Ya bar mata da goyo. Na je ta'aziyya, na raɓe a bakin ƙofa wajen takalma, matar ta sa aka miƙo mini ruwa ba ta san ko wace ce ni ba. Na kasa sha.

Yanzu ana bincike, kuma ɗanka ne ya sa hannu cewa abin da ke kwamfuta shi ne a ginin. An dakatar da shi, ana maganar kotu. Tun ranar da aka fasa bangon ya gane ɗaurin wayar babansa, amma ya ce mini ko ɗaure shi za a yi ba zai kira sunan mahaifinsa ba. Uban kuma ya daina magana. In kai wa wannan abinci ya dawo, in kai wa wancan ya dawo.

Da na fara rubutun nan jiya, niyyata in roƙe ka ka yi musu magana. Sai yau da safe baban ya sa rigar aikinsa, ya jefa allin yi wa bango alama a aljihu. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce, "Ba wayar nan kaɗai na karkatar ba, kuma akwai mutane a benen nan." Ya fita. Ɗanka ya bi bayansa ko hula bai ɗauka ba. Ga la'asar ta yi, babu wanda ya dawo.

Yaya, na ɗaga hannu na rasa abin da zan roƙa, don duk wanda na roƙa wa kuɓuta, ɗayan na bayar. Kai ka yi mana addu'ar. In aka riƙe baban, don Allah ka taho.

Ka gaida Anti da Gwaggo da 'yan biyu, amma kada Gwaggo ta ji tukuna. Na rufe wa uban da ɗan abinci kwano biyu, ina zaune.

Ƙanwarka,
Maman Injiniya