Hotunan Kututture Ɗaya

Beltsville, Maryland
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Yaya Lami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya mutanen Tudun Wada? Mu nan lafiya lau. 'Yarmu Kausar tana jami'a a Baltimore, sai ƙarshen mako take leƙo mu.

Yaya, na rubuto miki ta imel ne don maganar ba ta waya ba ce. Ƙaninki, maigidana, kullum yana gida tun da ya yi ritaya, kuma bangon gidajen nan, ko tari aka yi a ɗaki ana ji a falo.

Kin san tun farkon shekara ya sayi kyamara. Akwai wani daji na gwamnati kusa da mu, tafiyar minti goma a mota, mai hanyoyin ƙafa a ciki. Ba tsuntsu yake ɗauka ba, ba barewa ba, sai kututturan itatuwan da suka faɗi, waɗanda gansakuka ta lulluɓe kore shar kamar darduma. Yakan durƙusa cikin laima ya yi rabin awa a kan guda. Da farko dariya nake masa. Mutumin da ya shekara talatin yana zana gadoji, yau shi ne da gwiwa a taɓo.

Ranar Asabar ya kira ni in ga hotunan satin nan. Ya buɗe kwamfuta yana cewa, "Wannan ranar Litinin na same shi. Wannan kuma sabo ne, jiya na gano shi, ban taɓa ganin irinsa ba." Yaya, kututture ɗaya ne. Yana da tsaga a gefe, da wani farin naman kaza a gindinsa. Da ya shiga wanka na koma baya na duba. Tun watan Agusta, hoto sama da ɗari uku, duk shi ne.

Sai na fara tuno abubuwa. Na tsinci makullin mota a cikin firji. Jiya ma sau biyu ya yi sallar azahar. Shekara ashirin ina aiki a kantin magani, na san irin maganin da nake miƙa wa matan da ke zuwa riƙe da hannun mazajensu. Shi kuwa sittin da ɗaya ne kacal.

Don Allah, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a gidanku?

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Tayyiba

Zariya
11 ga Oktoba, 2023

Tayyiba,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ki kwantar da hankalinki. Ladan tun yana yaro haka yake, in ya kama abu ɗaya ba ya saki. Ya taɓa yin wata guda yana zana tashar jirgin ƙasa ɗaya a bayan littattafansa. Zaman banza ne bai saba ba, ga kaɗaicin ƙasar taku. Ni ma da na bar koyarwa sai da na shekara ina neman tabarau yana kan hancina.

Ke ma'aikaciyar lafiya ce, shi ya sa kome kika gani sai ki ga cuta. Ki riƙa yi masa addu'a, ki rage masa shayi. Kada ki ɗaga wa Kausar hankali tana tsakiyar karatu, kuma kada maganar nan ta fita cikin 'yan uwanmu na can.

Allah ya tsare. Ki gaishe shi.

Yayarku,
Lami

Beltsville
26 ga Oktoba, 2023

Yaya Lami,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce.

Shekaranjiya Baban Kausar ya ɓata a dajin nan.

Ya fita da hantsi ya ce kafin azahar zai dawo. Ƙarfe biyu na kira daga wurin aiki, bai ɗauka ba. Na kira sau tara. Na bar aiki na zo gida, sai ga wayar tasa a kan tebur kusa da kofin shayi. Maƙwabciyarmu Pauline, nas ce 'yar Kafanchan, ita ta tuƙa ni don ba zan iya riƙe sitiyari ba. Muka tarar da motarsa a bakin daji, ƙofar direba a buɗe.

Na san wurin daga hotunan, don akwai wata gadar katako da takan fito a bayan kututturen. Muka shiga muna kiransa. Ganye duk ya zubo ya rufe hanya, ko'ina iri ɗaya. Muka sami kututturen. Jakar kyamararsa tana kai, da hularsa, shi babu. Ga rafi a ƙasa ya cika saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi. Na tsaya ina kallon ruwan nan na kasa matsawa. Pauline ce ta riƙe ni ta ce, "Maman Kausar, kar ki duba can, mu kira 'yan sanda."

Suka zo da ma'aikatan daji da kare. Wani ya tambaye ni kalar rigarsa, wallahi na kasa tunawa. Ya ce rana ta kusa faɗuwa, kuma sanyin da za a yi ba na mai riga ɗaya ba ne.

Wajen biyar da rabi karen ya same shi, kusan mil biyu daga hanya. Yana zaune a kan wani gungume, takalmi ɗaya, wando jiƙe har cinya, ya rungume kyamarar a ƙirji. Suna yi masa Turanci yana amsa musu da Hausa. Da na iso ya dube ni, Yaya, ya dube ni kamar yadda ake duban baƙuwa. Ya ce, "Baiwar Allah, ina hanyar Tudun Wada?" Sai da na kira sunansa, sunan da ban taɓa faɗa a gabansa ba, sannan idonsa ya dawo. Ya ce, "Tayyiba, me ya kawo ki nan?"

An duba shi a asibiti, bai ji ciwo ba. Sun ba mu ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, shida ga Nuwamba. Takardar da za mu cike tana tambayar ko akwai irin wannan a dangi. Na sake karanta amsarki ta farko, na ga ba ki ce akwai ba, ba ki ce babu ba. Ina roƙonki don girman Allah.

Ki huta lafiya.

Tayyiba

Zariya
27 ga Oktoba, 2023

Tayyiba,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi da aka same shi. Tun da na karanta ban iya cin abinci ba.

Akwai. Babanmu ne.

Ladan yana karatu a can lokacin. Baba ya fara da mantuwar lissafin raka'a, sannan hanyar kasuwa. Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Ya taɓa fita aka kwana biyu ana nemansa, aka tsince shi a gefen layin dogo. Daga nan muka riƙa kulle zaure. Inna ta sa muka yi rantsuwa ba za mu gaya wa Ladan ba, kada ya bar karatu ya dawo. Da Baba ya rasu muka ce masa hawan jini ne. Shekara talatin da huɗu ke nan ina riƙe da wannan.

Da na ga wasiƙarki ta farko na gane. Tsoro ne ya sa na rufe miki baki, kuma saura kaɗan tsorona ya kashe ƙanina. Ki yafe mini. Ki rubuta wa likita gaskiya. Shi kuma ki gaya masa ko ki bari, ke kika fi sanin abin da zai iya ɗauka.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Lami

Beltsville
30 ga Oktoba, 2023

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ni ne Ladan. Da safe nake rubutawa, lokacin kaina ya fi zama daidai.

Tayyiba ta ba ni wasiƙarki. Na karanta sau uku. Ban riƙe ki da komai ba, haka Inna, Allah ya jiƙanta.

Ni ma akwai abin da na ɓoye. Na fi shekara ina sane. Ba gajiya ce ta sa na ajiye aiki ba. Wata rana na zauna gaban zanen da ni na yi, na kasa gane shi, kuma gada ce da mutane za su hau. Dajin nan da farko don sha'awa nake zuwa, gansakuka bayan ruwan sama abin kallo ce. Kututturen da Tayyiba ta faɗa miki yana daidai inda hanya ta rabu biyu. Na fara ɗaukarsa ne don in riƙa gane ta inda zan koma mota. Ban san lokacin da na manta dalilin ba.

Jiya muka gaya wa Kausar. Na yi mata bayani da Hausa, ta amsa da Turanci kamar kullum. Na ba Tayyiba makullin mota.

Tsoro nake ji, Yaya. Ba na mutuwa ba. Ranar nan na dubi matata ban san ta ba, kuma na ga abin da hakan ya yi wa fuskarta.

Tambaya biyu gare ni, ki ba ni amsa ba kwana-kwana. Shekara nawa Baba ya ɗauka? Kuma har ni ya manta?

Ki gaida yara. Na gode.

Ƙaninki,
Ladan

Zariya
31 ga Oktoba, 2023

Ladan,

Wa'alaikumus salam. Ina amsa gaisuwa.

Shekara biyar da 'yan watanni. Amma shi ba likitan da ya taɓa dubawa, kai kuwa za a duba ka.

Ni ya fara mantawa, sannan Inna. Kai bai manta ka ba. Har satin da ya rasu, duk wanda ya shigo zaure sai ya tambaye shi ko jirgin Ladan ya sauka.

Gobe zan je Abuja neman biza. Ka ci abinci, ka ji maganar matarka.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Lami