Layin Lissafi a Katin Hauwa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zaman Fatakwal? Ya maigidan da aiki? Mu nan Ƙofar Wambai lafiya lau, sai kewarku.

Jiya 'yarki Hauwa ta kawo katin sakamakonta na sakandare in sa hannu a madadinki. Ita ce ta ɗaya a lissafi!

Ina riƙe katin sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Kin tuna, da yake bai yi boko ba, sai mun karanta masa namu a zaure kafin ya sa hannu da ajami? Ke kuwa kullum sai ki tsallake layin lissafi. Ashe ya sani. Ya taɓa ce mini, "Ƙyale yayarki, ai ina ganin jan biron."

Na sa Hauwa ta karanta mini nata a zauren nan. Ba ta tsallake komai ba, ni ce hawaye ya hana ni ji har ƙarshe.

Ki kira ta, muryarki take jira. Ki sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ƙanwarki,
Asabe