Fulas ɗin Inna Hajjo

Laraba da dare, Gwallameji

Ƙafafuna ciwo suke, barci kuma ya ƙi zuwa. Kwanana huɗu da fara koyon aikin magani a ɗakin masu ciwon zuciya mai tsanani, yau na sha kunya.

Kumburin ƙafar Baffa, dattijon gado na uku, ya ƙi sacewa duk da allurar fitar da ruwa. Na bi takardar magungunansa sau biyu, ban ga kuskure ba. Sai Malama Rabi, mai koya mana aiki, ta ce, "Safiya, ban da maganinmu, me ke shiga cikinsa?"

Nan take na tuna. Kullum matarsa, Inna Hajjo, sai ta kawo kunun kanwa a fulas tun daga Ƙofar Wambai. Jiya har ta zuba mini, na sha, na yaba. A aji na san gishirin kanwa na tara ruwa a jiki. A hannun tsohuwa kuwa, kunu kawai na gani.

Da na gaya wa Malama, ta ce ni zan faɗa wa Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, a yi haƙuri a bar kanwar nan, tana ƙara masa kumburi."

Ta kalli fulas ɗin ta ce, "'Yar nan, shi kaɗai yake iya sha. To me zan kawo masa?"

Na ce kunun tsamiya. Ta rungume fulas ɗinta ta fita, ko sallama babu.

Shekara biyar ina haddar magunguna, ba wanda ya koya mini yadda ake gaya wa mace hidimarta ce ke ƙara wa mijinta ciwo. Allah ya sa gobe in ga fulas ɗin nan ya dawo.