Shafi na Tara Yana Nan

Yaya,

Na leƙa na ga kana barci, ban tashe ka ba. Na wuce makaranta. Yau zan gabatar wa malamanmu na kwas ɗin kasuwanci rahoton da na rubuta a kan shagonka na ɗinki.

Jiya ka ce in cire shafi na tara, inda na ce babbar matsalar shagon ita ce saɓa alkawari, wai na tona maka asiri. Wallahi har na yi niyyar cirewa. Sai da safen nan na je ɗaukar rigar da ka rantse za ka gama min saboda yau, na same ta a kan keke, babu hannu ɗaya. To ka yi haƙuri, shafi na tara yana nan daram. Rigar Umma na ara, ta yi min yawa.

Malamai sun ce dole mai sana'ar ya zo ya amsa tambayoyi, ko su rage min maki. Ƙarfe sha ɗaya, ajin da ke kusa da ɗakin karatu. Don Allah Yaya, sha ɗaya na agogo, ba na tela ba.

Ƙanwarka