Kyamarar da Ba Ta da Kunya

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan hoto a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Da gangan na sakaya sunanka da na shagonka. Kai za ka gane kanka, wannan kuwa ya ishe ni. Ni ne Malam Usman, hedimastanku na firamare a Bagudo, wanda ya sha mayar maka da littafinka don ba ka ja layi da rula ba. Na yi ritaya da daɗewa, amma halin yana nan.

Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na zo shagonka, na sake dawowa, kullum sai a ce ka yi tafiya. Na buga waya, manajanka ne ke ɗauka. Tunda babu ƙofar da ta kai ni gare ka, na biyo ta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, da fatan sauran tsofaffi irina su ma za su amfana.

Na farko, abin da ya sa na nemi kyamara.

Ka san Hajiya Hauwa'u, mai ɗakina, ko da ba ka san fuskarta ba, domin ka ci ƙosanta kana yaro. Ka kuma san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ɗiyarmu ta fari, Rakiya, tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, kuma daga ranar suna zuwa yau Hajiya ba ta taɓa kama sunanta ba. Ba ta zama da ita tabarma ɗaya a gaban mutane, ba ta duban idonta. Da Rakiya ta yi aure a wani ƙauye bayan iyaka, a ƙasar Benin, sai Hajiya ta samu sunan kiranta: mutuniyar ƙetare. Ni boko ya sa nake kiran yarinyar da sunanta gatsau, abin da 'yan'uwana mata ba su gafarta mini ba har yanzu. Rakiya ta yi jikoki. A duk hotunan gidana, na suna da na biki da na tafiya Makka, babu ɗaya da ita da uwarta suke ciki tare.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da Hajiya, likita ya ƙara da cewa zuciyarta ma ta gaji. Rakiya ta biyo ta garin Tsamiya na bakin iyaka ta zo jinya. Kullum da hantsi takan zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafafun uwarta a cinya tana shafa musu man kaɗanya, ita kuwa Hajiya ta juya fuska bango kamar mai barci. Wata rana ina kan kujerata a bakin ƙofa, sai na ga hannun Hajiya ya sauko a hankali ya kwanta a kan Rakiya. Ta juyo daga bangon tana dubanta. Alhaji, na yi zaman aure da matar nan fiye da shekarunka a duniya, ban taɓa ganin wannan fuska ba. Rakiya kuwa kanta na sunkuye, ta ji hannun, amma ba ta ga fuskar ba.

Ranar da za ta koma na raka ta tasha. Muna jiran mota ta cika, ta ce da ni cikin dariya, «Baba, ni dai na san al'ada ce. Amma wani lokaci nakan ce, anya Inna ta san kamannina kuwa?» Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ba na ɗaukar hoton mutum a sace, ko da matata ce. Saboda haka na nemi izinin Hajiya. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, «Malam, kai da bokonka. Ni ban ce ka ɗauka ba, ban ce kak ka ɗauka ba. In ban ji ba, ban gani ba, ina ruwana?» Wanda ya san matanmu ya san wannan izini ne cikakke, amma da sharaɗi.

Na biyu, yadda na yi zaɓi.

Ban shigo shagonka da ka ba. Wayar hannu na fara cirewa daga lissafi, domin sai an ɗaga ta an saita, kuma Hajiya ta san abin da ɗaga waya ke nufi, jikoki sun koya mata. Ɗakinta kuma taga ɗaya gare shi, ƙarama, tawa wayar ba ta fitar da komai a ciki sai inuwa. Ya rage kyamara iri biyu: 'yar aljihu, da wadda kuke kira mara madubi, wadda ake cire mata gilashin gaba a sauya wani.

Na yi karatu a kansu, na tambayi masu ɗaukar hoton biki a nan Bagudo, har ɗaya daga cikinsu ya ba ni tasa na riƙe. Ba na zaluntar 'yar aljihu. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba ta neman jaka, kuma a tsakar gida da rana tana aikinta daidai. Da hoton shinkafar fadamar Kaoje nake so, ita zan saya ban yi shawara da kowa ba. Amma bukatata uku ce, kuma na faɗe su a shagonka ɗaya bayan ɗaya: ta ɗauki hoto a ɗaki mai duhu ba tare da filasha ba, wato wutar nan mai walƙiya. Ta ɗauka ba a ji motsinta ba. Sannan allon bayanta ya lanƙwaso sama, yadda zan aje ta a cinya in duba ƙasa kamar mai karatu, ba sai na kai ta ido ba. Mara madubin da na nuna a kantarka ta cika ukun nan, tana kuma rage rawar hoto, abin da hannuna ke bukata yanzu. Ita na zo saya, da kuɗinta a aljihuna.

Na uku, abin da ya faru a shagon.

Manajanka ya karɓe ni da ladabi, wannan ba zan hana masa ba. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa. Amma bai saurare ni ba. Ina cikin bayanin sharaɗi na biyu ya katse ni ya ce, «Baba, wannan babbar ai ta samari ce masu aikin biki, maɓallanta za su rikita ka. Ga taka nan, danna ɗaya, shi ke nan.» Na gaya masa cewa tun bai zo duniya ba nake ɗaukar hoton 'yan aji da kyamarar fim, ina auna haske da idona. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. Ya tabbatar mini cewa 'yar aljihun ma ana kashe mata filasha, ana kashe mata ƙara, kuma tana gani a duhu. Na nemi a gwada ta a ɗakin ajiyarku, a kashe fitila. Ya ce ba a buɗe kwali sai an biya. Na tambayi allon, ya ce ai da na saba ba zan bukace shi ba.

Na yarda da shi ne don shagonka ne. Na ce a raina, yaron da na koya wa gaskiya ba zai aje wanda zai gaya mini abin da bai tabbatar ba.

Ina so a rubuta wannan daidai: ban ce manajanka ya cuce ni don riba ba, ai ma mai arahar ya sayar mini. Abin da na ce shi ne, ya dubi furfurata ya yanke mini abin da nake bukata, bai dubi abin da na zo da shi ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Na karanta littafin kyamarar daga bango zuwa bango. Na kashe filasha, na kashe ƙara. Na gwada ta a ɗakina, hoton ya fito dishi-dishi, amma na ce ko hakan ne na karɓa. Bayan ƙaramar Sallah Rakiya ta dawo. Da hantsi ta ɗauko man kaɗanya, ni kuma na zauna a kujerata da kyamarar a cikin hannun riga.

Irin wannan abu ba a gaggauta shi. Na jira, na jira, har kyamarar ta gaji ta kashe kanta ban sani ba. Can sai hannun Hajiya ya sauko. Ta juyo. Fuskar nan ta dawo. Na danna, shiru. Na kunna ta, sai gilashinta ya zuro waje da wani gurnani kamar na ƙaramin injin niƙa. Da yake allon ba ya lanƙwasuwa, dole na ɗaga ta. Abin da littafin bai fito da shi fili ba, manajanka kuma bai faɗa ba, shi ne cewa duk sa'ad da aka sake kunna ta, filashar kan koma yadda ta fito daga kamfani. Ɗakin ya haske fau kamar an yi walƙiyar damina.

Hajiya ta janye hannunta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja mayafi ta juya bango, ta ce a hankali, «Malam, na hwa gani.» Rakiya ta ɗago a firgice tana tambaya ko wayar wuta ce ta haɗu. Har ta koma ƙetare tana shafa ƙafafun nan kullum, amma hannuwan Hajiya suna ƙarƙashin zane.

Hoton yana nan. Bango ya yi fari fat, idon Hajiya a runtse, hannunta a sama kamar mai kore ƙuda. Ban nuna wa kowa ba.

Na biyar, da na mayar da kyamarar.

Na kawo ta cikin kwalinta, da igiyarta, da littafinta, ko ƙwarzane babu. Ban nemi a mayar mini da kuɗi ba. Na ce a karɓe ta a ba ni wadda na zo saya tun farko, in cika abin da ya rage. Manajanka ya nuna mini rubutun da ke jikin bango, cewa abin da ya fita ba ya dawowa. Na ce masa doka ce mai kyau ga wanda ya zaɓa da kansa, amma ni zaɓar mini aka yi. Ya ce, «Baba, hoto ne fa. A fito da Hajiya tsakar gida a ɗauka mana.» Na ɗauki kwalina na fito, domin na ga bayanin zai yi tsawo, kuma ba kowane abu ake faɗa a gaban masu sayayya ba. Ga shi yau na faɗe shi a gaban duniya, don ka san nauyinsa a wurina. Sayen ta biyu alhali ta farko tana hannuna ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Ga abin da nake roƙo, Alhaji.

Ka sa a karɓi 'yar aljihun a ba ni mara madubin da na nuna, da gilashin da ke shan haske sosai, ni kuma in cika. Ka bar ni in gwada ta a ɗakin ajiyarku, a kashe fitila, kai kana tsaye, in danna ka gaya mini ko ka ji wani abu, domin kunnenka ya fi nawa yanzu. Ka aje kyamara ɗaya ta kowane iri a buɗe saboda gwaji. Ka kuma gaya wa ma'aikatanka, cikin lumana, ba tare da ka rage wa kowa matsayi ba, cewa idan tsoho ya shigo su fara tambayarsa abin da zai ɗauka, a ina, da wane haske, su kuma bar shi ya kai ƙarshen zancensa. Ba na so a kori manajanka. Yana da iyali, kuma ya ba ni ruwa.

Abu ɗaya ne ba ni da shi, shi ne lokaci. Rakiya ta aiko cewa za ta zo kafin ruwa ya sauka sosai, domin da zarar damina ta kankama hanyarsu takan yanke, sai kuma kaka. Likita bai ce mini komai a kan kaka ba, ni kuma ban tambaye shi ba.

Na zaci Hajiya ta janye izininta. Shekaranjiya ina ba ta magani, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, «Abin nan naka mai walƙiya, ka maishe shi?» Na ce ina ƙoƙari. Ta haɗiye maganin, ta gyara matashinta, ta ce, «To, in za ka samo wata, ka samo mai kunya. Mutuniyar ƙetare na tahe.»

Wannan ita ce bukatata gaba ɗaya. Ba hoton bango nake nema ba, ba kuma za a sa shi a waya a yaɗa ba. Kwafi ɗaya zan wanke, in sa shi a ambulan, in ba Rakiya a tasha idan mota ta cika, ta buɗe bayan ta ƙetare iyaka, ta ga amsar tambayar da ta yi mini.

Allah ya tsare ka a tafiye-tafiyenka, ya yi wa kasuwancinka albarka, ya jiƙan mahaifanka, ya ba ka 'ya'yan da za su saurare ka har ƙarshe idan ka tsufa. Ka sa Hajiya a addu'a.

Wassalam.

Malaminka,
Malam Usman,
Tsohon hedimasta, Bagudo.